Kwarin San Luis: fili da araha, ruwa a hannun na farko

Kwarin San Luis, a jihar Kolorado ta Amurka, hamada ce tsakanin duwatsu, mita kusan 2,300 sama da teku. A 1851 manoma masu jin Sifaniyanci suka kafa garin San Luis, a 1852 suka haƙa magudanar da ke riƙe da haƙƙin ruwa mafi daɗewa a jihar. A shekarun 1970 dillalai suka yayyanka fakon, suna sayarwa ta gidan waya ga mutanen da ba su taɓa taka wurin ba. Dokar Kolorado kuwa ta ba wanda ya riga cin moriyar ruwa fifiko. Shi ya sa filin ke da araha har yau: baƙo yana samun takardar mallaka, amma sau da yawa ruwan sha ma sai ya ɗauko a tanki.