Daga Tsarki zuwa Tsabta: Tarihin Kalmar "Immaculate"

Hausa ta raba tsarki da tsabta. Tsabta ta jiki ce da tufafi, tsarki kuwa ya shafi ibada da zuciya. Turanci yana da kalma guda da ta ɗauki ma'anonin biyu, wato "immaculate", kuma tarihinta ya nuna yadda ɗaya ta rinjayi ɗaya.

Tushenta Latin ne. A wannan harshe "macula" na nufin tabo, ɗafa-goshin "in-" kuma yana korewa, sai aka sami "immaculatus", abin da ba shi da tabo. Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 15 ta hanyar rubuce-rubucen addini, kuma tabon da ake nufi a lokacin shi ne zunubi.

Muhawarar malaman Kirista a kan Maryamu ce ta ɗaukaka ta. Tambayar ita ce: shin an ɗauki cikinta ba tare da zunubin asali ba, wanda a koyarwarsu kowane ɗan Adam yake gada? Thomas Aquinas bai yarda ba. Duns Scotus, wanda ya rasu a 1308, ya kare ra'ayin. Ba a yanke hukunci ba sai ranar 8 ga Disamba, 1854, lokacin da Fafaroma Pius na Tara ya mayar da shi aƙidar da ta wajaba a kan Katolika. Har yau mutane da yawa, ciki har da Turawa, suna zaton "Immaculate Conception" na nufin haihuwar Yesu ba tare da uba ba, alhali kuwa batun cikin da mahaifiyar Maryamu ta ɗauka ne. Mai fassarar da bai san wannan ba zai jingina wa mutane aƙidar da ba ita suke nufi ba.

Sannu a hankali kalmar ta fita daga majami'a. Yanzu Bature yana faɗinta a kan riga fara fat, ko ɗakin da aka share tas, ko aikin da ba kuskure a cikinsa.

Ita ma "macula" ba ta mutu ba. Likitocin ido suna kiran ɗigon tsakiyar tantanin gani da ita, kuma daga gare ta Italiyawa suka sami "macchiato", kofin da aka ɗiga wa madara. Saboda haka duk wanda ya gamu da "immaculate" a rubutu, sai ya duba zamanin marubucin da muhallin maganar kafin ya zaɓi tsarki ko tsabta.