Oktofus: Lokutan Da Aka Fi Ganin Dabbar Teku Mai Hannuwa Takwas

Oktofus dabba ce ta ruwan gishiri mai hannuwa takwas, wadda ba ta da ƙashi ko ƙaya a jikinta. Tana da zuciya uku, jininta kuma shuɗi ne saboda sinadarin jan ƙarfe da ke cikinsa. Idan ta ji tsoro takan sauya launin fatarta ta saje da duwatsu, ko ta fesa baƙin ruwa mai kama da tawada ta sulale. A shekarar 2010, wata mai suna Paul, da ake kiwo a birnin Oberhausen na Jamus, ta yi fice wajen zaɓar ƙasar da za ta yi nasara a wasannin cin kofin duniya, har da wasan ƙarshe da Sifaniya ta doke Holan.

Gajeriyar rayuwa

Sanin lokacin ganinta ya rataya ne a kan sanin rayuwarta. Irin da aka fi samu a gaɓar Afirka ta Yamma ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu a duniya. Macen takan saka ƙwai dubu ɗari ko fiye a cikin kogon dutse, ta zauna gadinsu makonni ba ta cin abinci, kuma da zarar sun ƙyanƙyashe sai ta mutu. Saboda haka yawan oktofus yakan hau ya sauka daga shekara zuwa shekara, gwargwadon ɗumin ruwa da abincin da 'ya'yan suka tarar.

Gaɓar Muritaniya da Maroko

Nan ne cibiyar kamun oktofus a nahiyar Afirka, domin iska tana tasowa da ruwa mai sanyi daga ƙarƙashin teku, wanda ke ɗauke da abincin ƙananan halittu. A wannan yanki dabbar ta fi yin ƙwai sau biyu a shekara, wajen bazara da wajen kaka. Don haka hukumomi sukan rufe kamun a waɗannan lokuta, abin da ake kira hutun haihuwa. A Maroko galibi ana buɗe kamun hunturu daga Disamba ko Janairu zuwa Maris, sannan na biyu daga wajen Yuli zuwa Satumba. Muritaniya ma takan rufe sau biyu a shekara, kuma gwamnati ce ke sanar da ranakun bisa shawarar cibiyar binciken teku ta IMROP da ke Nuwadibu. Wanda ya je wannan tashar jiragen ruwa a makonnin farko bayan buɗewa shi zai ga kwale-kwale suna sauke ta da yawa. Masunta suna jefa jerin tukwane ne a ƙasan teku, ita kuwa ta shige ciki tana zaton mafaka ce. Akasarin abin da aka kama Japan da Sifaniya ake kai wa.

Senegal

A Senegal damina ce lokacinta, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya yi ɗumi. Ta bayyana da yawan da ba a saba gani ba a 1986, daga nan masuntan Mbour da Joal suka mayar da kamunta sana'a. Da yawanta ya fara raguwa, wasu ƙauyuka kamar Nianing suka riƙa dakatar da kamu na wani lokaci, suna zuba tukwanen ƙasa da mata ke ginawa a cikin teku domin ta sami wurin yin ƙwai.

Gabashin Afirka

A Zanzibar da Pemba, inda ake kiranta pweza, wata ne ma'aunin lokaci. Ruwan teku ya fi janyewa a kwanakin tsayuwar sabon wata da kuma tsakiyarsa, wato wajen 14 da 15 ga watan Musulunci. A irin waɗannan ranaku mata da maza sukan taka a kan duwatsun da ruwa ya bari, suna zaƙulo ta daga ramuka da sanda. Alamar raminta ita ce tarin ɓawon kaguwa da na kwantaccen dodon koɗin teku a bakinsa. 

Ci da hattara

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa ke bi, dabbobin ruwa halal ne, oktofus kuwa tana cikinsu. Hanafiyya kifi kaɗai suka halatta. Sai dai akwai wata ƙarama mai zane-zanen zobe shuɗi a jiki, da ke tekun Ostireliya zuwa Japan, wadda dafinta ke iya kisa. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da tafiya ta kai shi can kada ya taɓa ta.

Haka kuma duk wanda ya tarar da oktofus maƙale a rami tare da zaren ƙwai farare yana rataye, ya bar ta. Ɗauke uwa ɗaya a wannan hali asarar dubban 'ya'ya ce, kuma saboda kauce wa irin wannan asara ne ƙasashen gaɓar suke rufe kamun a watannin haihuwa.