Bindiga a Fadar Kano da Yadda Magabata Suke Kula da Ita

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ya ji ƙarar bindigogin 'yan bindigar sarki, ya kuma ga hayaƙin da ke turnuƙe sama idan sun yi harbi. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda bindiga ta shigo ƙasar Kano, da kuma hikimar da magabata suka yi amfani da ita wajen tsabtace ta da adana ta, domin malamai su sami abin da za su isar wa ɗalibai.

Shigowar Bindiga

Borno ta riga ƙasar Hausa shahara da bindiga, domin Mai Idris Alooma, a ƙarni na 16, ya kafa rundunar masu harbi da taimakon Turkawa. A Kano kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka kawo bindigogi da garkuwoyi daga ƙasar Nufe. Haka kuma Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Duk da haka bindiga ba ta yawaita ba, doki da mashi da baka su ne ginshiƙin yaƙi har cikin ƙarni na 19. Damagaram ce ta yi zarra a wannan fanni, inda Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har aka riƙa ƙera igwa a birninsa.

Yadda Ake Kula da Ita

Bindigar wancan zamani ta baki ake yi mata ɗuri. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa harsashi, sannan a danna da siririyar sandar ƙarfe. Idan an ja kunama sai ƙanƙara ta kartsi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushin.

Shi albarushi haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, kuma ba ya ƙonewa ƙurmus. Kowane harbi yana barin baƙin dauɗa a cikin bututu, wannan dauɗa kuwa tana jawo laima, laima ta haifi tsatsa. Saboda haka ɗan bindiga ba ya barin bindigarsa ta kwana da dattin harbi. Yakan wanke cikin bututun da ruwan zafi, ya goge da tsumma har sai ya fito fari, ya bar shi ya bushe sarai, sannan ya shafa mai kaɗan. Yakan kuma buɗe 'yar kafar da wuta ke bi da tsinke, ya duba kaifin ƙanƙara.

Kowane lokaci da irin matsalarsa. Da damina albarushi yakan jiƙe ya ƙi tashi, da hunturu kuma ƙura takan cushe kunama. Idan wani abu ya karye sai a garzaya wajen maƙera, su ƙera sabo, masassaƙa kuma su gyara ƙota. Bututun da tsatsa ta ci, ko wanda aka cika wa albarushi fiye da kima, yakan fashe a hannun mai shi. Wannan ya sa sakaci da bindiga ya zama ganganci da rai.

Ƙarshen Zamaninta

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Don haka lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, bindigar ɗuri ta fuskanci igwa da bindiga mai aman wuta, waɗanda ba ta da ƙarfin tunkara. Daga nan ta koma hannun mafarauta da masu bukukuwan sarauta.

Kammalawa

A yau idan aka ce 'yan bindiga, yaro ba ya tuna kowa sai masu satar mutane a daji, alhali a da suna ne na amintattun bayin sarki masu horo da ladabi. Ya kamata malamai su bayyana wa ɗalibai wannan bambanci. Dattawan da suka gāji wannan aiki kuma, a je a ɗauki bayanansu tun suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.