Tafiyar Kalmar "Tiragodiya" Daga Atina Zuwa Bagadaza da Paris: Darasi Ga Masu Ƙirƙiro Kalmomin Nazari

1. Gabatarwa

Tun lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, matsalar kalmomin fannu take gaban masu tsara littattafai a Nijar. Nauyinta ya ƙaru a 2025, sa'ad da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A fannin adabi, akasarin kalmomin da ake neman fassarawa daga Faransanci su ma baƙi ne a cikinsa. Wannan maƙala za ta bi sawun guda daga cikinsu, watau "tiragodiya", domin a ga abin da ke samun kalma in ta yi ƙaura ta bar abin da take nufi a gida.

2. Asalin kalmar a Atina

Tiragodiya wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya bunƙasa a Atina, ƙasar Girka, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana yin sa ne a bainar jama'a, a matsayin gasa, lokacin bikin Diyonisos. Aristotal (384 zuwa 322 kafin Miladiyya), wanda Larabawa ke kira Aristu, shi ya fara feɗe shi a littafinsa na fasahar waƙa.

Ya kasa wasan gida 6: zubin labari, halayen ƴan wasa, tunani, lafazi, kiɗa da waƙa, da kuma abin da ido ke gani. Cikinsu duka ya fifita zubi, watau yadda aka jera aukuwa, wannan na haifar da waccan. Ya kuma ware wasu ginshiƙai: juyin al'amari, inda abu ke komawa akasin yadda aka zata, ganewa, inda tauraro ke fita daga duhu ya san gaskiya, da kuskure, wanda ke jefa mutumin da ba mugu ba cikin halaka. Manufar duka ita ce a tada tausayi da tsoro a zukatan ƴan kallo, har su sami wani irin wankin zuciya da ya kira katarsis. Misalin da ya fi yabawa shi ne wasan Sarki Edipus na Sofokilis. A cikinsa wani manzo ya zo domin ya kwantar wa sarki da hankali, sai bayaninsa ya tona asalin sarkin, juyi da ganewa suka auku lokaci guda.

3. Bagadaza da Andalus

A ƙarni na 10, Abu Bishir Matta ɗan Yunus, wani malami Kirista na Bagadaza wanda ya rasu a 940, ya juya littafin zuwa Larabci daga fassarar Suryanci. A zamaninsa ba a san dandalin wasan kwaikwayo irin na Girkawa ba a ƙasashen Larabawa. Sai ya nemi abin da ya fi kusa a adabinsu: ya kira tiragodiya "madihu", ya kira wasan ban dariya "hija'i". Da Hausa, yabo da zambo ke nan. Zaɓin nasa yana da dalili, domin Aristotal ya ce ɗaya na kwaikwayon mutanen kirki ne, ɗayan kuwa na kwaikwayon ƙasƙantattu.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi wata hanya dabam: ya riƙe kalmar Girkancin, ya ba ta lafazin Larabci. Amma Ibnu Rushdi na Kurɗuba (1126 zuwa 1198) ya koma ga madihu da hija'i a cikin sharhinsa, ya kawo misalai daga mawaƙan Larabawa irin su Mutanabbi. A hannunsa juyin al'amari da ganewa suka tashi daga matakan labari, suka zama dabarun mawaƙin yabo. Littafin da aka rubuta kan wasan kwaikwayo ya koma littafin ƙasida.

Wannan fahimta ce ta fara shiga Turai. A 1256 Harman Bajamushe ya fassara sharhin Ibnu Rushdi zuwa Latinanci a Toledo. An yi wata fassara kai tsaye daga Girkanci a 1278, amma ba ta yaɗu ba.

4. Italiya da Faransa

Sai a 1498 fassarar Jorjo Bala daga Girkanci ta fito, aka kuma buga matanin asali a Benis a 1508. Dawowar matanin ba ta hana sabon ƙari ba. A 1570 Kastelbetro ya fitar da sharhin da ya kafa ƙa'idar haɗin kai uku: aiki ɗaya, yini ɗaya, wuri ɗaya. Alhali haɗin aiki kaɗai Aristotal ya wajabta. Batun yini ya ambace shi ne a matsayin abin da aka saba yi, na wuri kuwa bai kawo shi ba.

Faransawa suka mai da wannan ƙa'ida doka. A 1637 wasan Sid na Kornei ya tada jayayya mai zafi a Paris, har Majalisar Harshen Faransanci, wadda aka kafa a 1635, ta fitar da hukunci a kansa. Wannan siffa ta ƙarni na 17 ita ce makarantun Faransanci suka kawo Afirka ta Yamma, ɗalibai da yawa suka ɗauke ta tamkar ita ce maganar Aristotal.

5. Abin da ya tsira

Ra'ayin da ya ƙetare harsuna ba tare da ya gurɓace sosai ba shi ne fifikon zubi, domin kowace al'umma tana da labari. A 1928 Biladimir Purop ya nazarci tatsuniyoyin Rasha 100, ya samu matakan aiki 31 da ke zuwa bisa jeri guda. A 1976 Deniz Polm ta gwada irin wannan nazari kan tatsuniyoyin Afirka, ta fitar da siffofin zubi dabam dabam. Daga ciki akwai zubin madubi, inda taurari biyu ke bin hanya ɗaya, na farko ya dace, na biyu ya taɓe. Duk wanda ya san tatsuniyar ƴar bora da ƴar mowa zai gane shi nan take.

6. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna hanyoyi uku da ke gaban mai fassara. Zai iya aron sunan wani abu na gida, kamar yadda Matta ya yi. Sai dai madahu, yabo da zambo suna da mazauninsu a waƙar Hausa, kuma za su ja ma'anar zuwa can. Zai iya riƙe baƙuwar kalma, kamar Ibnu Sina. Wannan na tsare ma'ana, amma sai an haɗa da bayani. Zai kuma iya ƙirƙiro suna mai siffantawa, kamar "wasan ban tausayi" da ake amfani da shi. Wannan suna yana da sauƙin kamawa, amma ya ɗauki tausayi ya bar tsoro, kuma yana sa a zaci dole wasan ya ƙare da mutuwa, alhali Aristotal ya yabi wasan Ifijeniya a Tawuris na Yuripidis, wanda ya ƙare da kuɓuta.

Saboda haka ya kamata kwamitocin kalmomi su fara da bayyana abin da ake nufi da misalan da mai koyo ya sani, kafin su tsayar da suna. Ya kuma dace a raba kalmomin gida biyu: waɗanda ke da abin nuni a adabin Hausa, kamar zubi, jigo da tauraro, da waɗanda ke nuni ga al'adar wasu, waɗanda ya fi kyau su shiga ƙamus tare da taƙaitaccen tarihinsu.