Dutse, Teku da Takardar Digiri: Nazari kan Abin da ke Jan Ɗaliban Ƙetare zuwa Cape Town

Da wuya a ga tallar karatu a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu wadda ba dutse da teku aka fara nunawa ba, kafin a zo kan laburare ko ɗakin gwaje-gwaje. Kuma ba ƙarya aka yi ba. Babbar harabar Jami'ar Cape Town, wadda ta samo asali daga kwalejin da aka kafa a 1829, tana gindin tsaunin Devil's Peak ne, ɗalibi na fitowa daga lacca ya yi tafiyar 'yan mintoci sai ga shi a daji. Dajin wani yanki ne na gandun ƙasa na Table Mountain da aka kafa a 1998, wanda ya miƙe tun daga Signal Hill a tsakiyar gari har zuwa Cape Point a ƙarshen zirin. A yawancin manyan birane sai an nemi mota da guzuri kafin a rabu da kwalta. A nan gandun ne ya keta birnin ta tsakiya. Wannan kusanci shi ne babban jarin garin, ya fi duk wani wurin buɗe ido da za a ambata shi kaɗai. Sai dai ba kowane ɗalibi kusancin ya shafa ba. Fasfo da aljihu da unguwar da mutum ya sauka su ke yanke wanda zai ci moriyarsa.

Dutsen Table tsayinsa mita 1,086 ne, samansa a baje, kuma fitattun hanyoyin hawansa biyu ne. Mai kuɗi ya shiga keken igiya, wanda ya fara aiki tun 1929, cikin kamar minti biyar ya kai sama. Wanda ba shi da su, ko mai son motsa jini, ya bi kwazazzabon Platteklip, matakalar duwatsu mai cin awa biyu zuwa uku, ba a karɓar ko sisi. Gefensa ga Lion's Head mai mita 669, wanda ɗalibai suka fi yi wa zarya domin ana iya hawa a sauko a yammaci guda. Daren da wata ya cika kuwa jerin gwano ake yi, kowa da tocila ɗaure a goshi. Ga mai karatun tsirrai abin ya wuce shan iska. Yankin Cape na da nau'in tsiro kusan 9,000, wajen kashi biyu bisa uku babu su a ko'ina a duniya sai nan, dalilin da ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2004. Lambun Kirstenbosch da aka kafa a 1913 yana jikin dutsen ta gabas, kusa da jami'ar.

Kusancin nan shi ne kuma ke ruɗin baƙo. Dutsen da ake gani kullum ta taga ba ya ba da tsoro, sai mutum ya zura silifas, ya ɗauki 'yar gorar ruwa ya kama hanya. Iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa a lokacin zafi kan turo gajimare ya lulluɓe saman dutsen nan da nan, sanyi ya sauko, hanya ta ɓace. In iskar ta tsananta sai a dakatar da keken igiya, wanda ya hau da ƙafa da niyyar saukowa a keke ya rasa tudun dafawa. Masu aikin ceto, waɗanda galibinsu 'yan sa-kai ne, ba sa rasa aiki a kowace shekara. Ga kuma 'yan ƙwace a wasu hanyoyin, shi ya sa gargaɗin farko da ake yi wa sabon zuwa shi ne kada ya kuskura ya hau shi kaɗai.

Batun teku ya fi haka sarƙaƙiya. Da yawa suna zuwa da zaton a Cape Town ne tekun Atlantika ya haɗu da na Indiya, alhali a taswira mahaɗar tana Cape Agulhas, tafiyar kusan awa uku a mota. Abin da birnin ke da shi gaɓa biyu ne masu halin da ya sha bamban. Ta yamma, a Clifton da Camps Bay, nan ne farin yashin da ake ɗauka a hoto, amma ruwan ƙanƙara ne. Dalilin kuwa iskar nan ce dai: tana kore ruwan sama zuwa cikin teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi na igiyar Benguela ya taso ya maye gurbinsa. Saboda haka a tsakiyar zafi, lokacin da jiki ya fi son ruwa, a lokacin ne ya fi sanyi. Mutane kan cika yashin maƙil, amma 'yan ƙalilan ke wuce gwiwa.

Mai son shiga ruwa da gaske gabas yake nufa, wato False Bay, musamman Muizenberg. Jirgin ƙasa na ɗaukar ɗalibi daga Rondebosch, unguwar jami'a, ya sauke shi a tashar da ke bakin yashi. Gaɓar nan ba ta da zurfi farat ɗaya, igiyar ruwan kuma a hankali take karyewa, shi ya sa ta zama makarantar masu koyon hawan igiyar ruwa a kan allo. Shaguna na jere suna ba da hayar allon da rigar roba mai tare sanyi. A saman dutsen da ke kallon gaɓar, a kan titin Boyes, akwai mutum zaune da tabarau mai hangen nesa, aikinsa kawai duban ruwa. Tsarin masu gadin kifin shak ke nan da aka fara a 2004. Tuta ce ke magana: kore na nufin ruwa garau ne kuma ba a ga komai ba, baƙa na nufin ruwan ya yi duhu ba a gani sosai, ja na nufin a yi hattara, fara kuwa tare da jiniya na nufin kowa ya fito yanzu. A ganina wannan tsari ya fi kowane allon talla bayyana halin birnin. Bai ɓoye haɗarin ba, bai kuma kashe kifin ba, ya dai sa mutum ya zuba ido.

To su wa ke zuwa? Kalmar "ɗaliban ƙetare" tana haɗa jama'a biyu da kusan ba abin da ya gama su sai biza. Kashi na farko su ne masu zuwa zango ɗaya daga Amurka da Turai, su yi wata huɗu ko biyar su koma da makin da jami'arsu ta gida za ta karɓa. Su ne dutse da teku ke ja kai tsaye, kuma komai ya zo musu daidai. Shekarar karatu a Afirka ta Kudu tana farawa a Fabrairu, ƙarshen lokacin zafi, daidai lokacin da ƙasashensu ke cikin hunturu. Da Ingilishi ake koyarwa. Dala da yuro kuma sun fi kuɗin rand ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka abin da ɗan ƙasa zai yi wa tanadin wata guda, su a ƙarshen mako suke kashe shi: shawagi da lema daga Signal Hill, kallon manyan dabbobin ruwa a Hermanus, ko dirowa da igiya daga gadar Bloukrans mai tsayin mita 216. Wanda ya zo zango na biyu, a Yuli, shi kan sha mamaki, domin damina da sanyi yake tararwa. Ruwan Cape a hunturu yake sauka.

Kashi na biyu su ne 'yan Afirka masu neman cikakken digiri, daga Zimbabwe, Namibiya, Lesotho, Kenya, Nijeriya da sauransu, da yawansu a matakin digiri na biyu da na uku. Su sunan makaranta ya kawo su. Jami'ar Cape Town kan zo a sahun gaba a jerin jami'o'in nahiyar, kuma a asibitin koyarwarta na Groote Schuur ne Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar mutum na farko a duniya a Disamban 1967. Akwai ma abin lura a Muizenberg ɗin: 'yan taku daga inda ake hayar allo nan ne cibiyar lissafi ta AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a 2003, mai tara haziƙan matasa daga sassan Afirka a kan tallafin karatu. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram, inda teku sai dai a talabijin, yana iya shafe watanni yana jin ƙugin ruwa daga ɗakinsa bai taɓa tsoma ƙafa ba, ga matsin karatu, ga rashin iya iyo.

Fasfo ma na da tasa rawar. Bisa yarjejeniyar ilimi ta ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, SADC, ta 1997, ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ana yi masa lissafin kuɗin makaranta kusan kamar ɗan gida. Nijeriya da Nijar da Ghana ba sa ciki, don haka ɗansu kuɗin baƙo yake biya. Haka abin yake a ƙofofin gandun da ake biya, irin su Cape Point da Boulders: farashi hawa uku ne, na ɗan ƙasa, na ɗan SADC, sai na sauran duniya. Bature mai dala da ɗan Afirka ta Yamma mai naira ko sefa kuɗi ɗaya ake caza. Bizar karatu kuma awa 20 kacal ta yarda a yi aiki a mako. Shi ya sa abin da ke riƙe kashi na biyu ba wuraren da ake tallatawa ba ne, hanyoyin dutse ne da titin yawo na Sea Point, inda ba a tambayar kowa tikiti.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tarihin da ya zana taswirar garin. Dokar raba unguwanni ta 1950 da dokar raba wuraren jama'a ta 1953 sun keɓe wa fararen fata gefen dutse da mafi kyawun gaɓa. A 1966 aka ayyana District Six, unguwar da ke gindin dutsen, a matsayin ta farare, aka kwashe mutum fiye da 60,000 zuwa filin yashi na Cape Flats. A 1989 Desmond Tutu ya jagoranci jama'a zuwa gaɓar da aka haramta musu, a 1990 aka soke dokar wuraren jama'a. Allunan wariya sun sauka, amma gidaje ba su motsa ba. Unguwar talakawa ta Khayelitsha na nan wajen kilomita 30 daga tsakiyar gari. Jami'ar Western Cape, wadda gwamnatin wariya ta buɗe a 1960 domin masu gaurayen jinsi, tana Bellville, inda dutsen sai dai hange. Ɗalibin ƙetare da ya sauka a Rondebosch ko Observatory yana iya hawa Lion's Head a makonsa na farko, alhali abokin ajinsa haifaffen birnin bai taɓa ba. Yawon kai baƙi unguwannin talakawa, wanda shi ma ya zama haja, bai gyara wannan ba. Sau da yawa ma ya mai da talaucin wani abin kallo ne a jerin abubuwan da aka biya.

Ga ɗalibi Musulmi akwai wata fuska da tallar ba ta cika nunawa ba. Musulunci ya daɗe a Cape, tun zuwan bayi da fursunonin siyasa da kamfanin Holan ya kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya. Shehu Yusuf na Makassar ya iso a 1694. Tsibirin Robben, wanda baƙi ke shiga jirgin ruwa su je domin ganin ɗakin da Nelson Mandela ya yi shekara 18, a can aka tsare Tuan Guru tun a ƙarni na 18, inda ya rubuta Alƙur'ani da ka; da ya fito ya zama limamin masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794. Naman halal ba abin wahala ba ne a garin. Kuma duk ƙarshen Ramadan jama'a kan yi dafifi a bakin teku a Three Anchor Bay, iyalai su shimfiɗa darduma a kan ciyawa, a sha ruwa tare, a yi magariba a jam'i, masu duban wata na fuskantar yamma. Babu taron waje a birnin da ɗan ƙasar Hausa zai fi saurin gane kansa a ciki kamar wannan.

Saura tambayar ko wannan jari mai ɗorewa ne. A farkon 2018, bayan fari na shekara uku, an taƙaita wa kowane mutum lita 50 na ruwa a rana, birnin ya kusa rufe famfunansa. Manyan kifayen shak da ake fita kallo a False Bay sun yi ƙaranci ƙwarai tun wajen 2017. Wasu masana na ɗora laifin a kan dabbobin orka masu farautarsu, wasu a kan yawan kamun kifi. Tsuntsayen fengwin na Boulders, waɗanda suka fara zama a wurin a farkon shekarun 1980, an sa jinsinsu a 2024 cikin masu dab da ƙarewa, musamman saboda ƙarancin ƙananan kifayen da suke ci. Sai wuta. Tsirran Cape suna buƙatar gobara lokaci-lokaci domin irinsu ya tsiro, wato wuta ɗabi'ar dutsen ce. A ranar 18 ga Afrilun 2021 ta gangaro daga Devil's Peak ta shiga harabar jami'ar, ta ƙone zauren karatu na Jagger tare da wani ɓangare mai yawa na tarin nazarin Afirka, aka kwashe dubban ɗalibai daga ɗakunan kwanansu. Bayan nan muhawara ta sake tashi kan itatuwan fain da aka shigo da su daga Turai, waɗanda ke ci da zafi fiye da tsirran gida: masu kula da muhalli na son a sare su, wasu mazauna kuma na kare su saboda inuwa da tarihi.