Elnathan John: Jamusawa sun san shi, mu fa?

'Yan'uwa ɗalibai, a nan Kafanchan mu nawa ne muka taɓa karanta Elnathan John? Ɗan jiharmu ne fa, a Kaduna aka haife shi a 1982, ya karanci aikin lauya a ABU Zariya. Sau biyu yana kai wa zagayen ƙarshe na gasar Caine, 2013 da 2015.

Littafinsa Born on a Tuesday, na 2015, labarin Ɗantala ne, almajirin da rikicin zaɓe ya kora har Sakkwato. Abin da ke ci min rai shi ne, an fassara shi zuwa Jamusanci da Faransanci, can suna ta muhawara kan almajirinmu, amma da na tambayi 'yan ajinmu, wallahi wani cewa ya yi ai mawaƙi ne. Shi kuwa tuni ya koma Berlin da zama.