Labaran Almara Daga Gizo Zuwa Baahubali: Wanne Ne Na Yara, Wanne Ne Na Manya?

Yau ba maganar sabuwar waƙa zan yi ba, maganar labaran almara ce, irin na aljanu da dodanni da takobin sihiri. Da yawanmu muna ɗauka duk labarin da aka ga dodo a ciki na yara ne. Ba haka ba ne. Almara hawa-hawa ce, kowane shekaru da nasa, shi ya sa na jera su a nan don mai nema ya samu a wuri guda.

MECE CE ALMARA?

Almara labari ne da aka gina a duniyar da ba ta bin ƙa'idar tamu. Dabba tana magana, zobe yana ɓatar da mutum, aljani ya ɗauki matafiyi daga gabas ya dire shi yamma kafin asuba. Ta bambanta da fim ɗin ban tsoro, wanda burinsa kawai ya firgita ka. Almara mai kyau tana da nata dokoki: sihirin ciki yana da iyaka, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya biya wani abu. In jarumi yana iya komai ba tare da ya sha wuya ba, to labarin ya zama lami.

ME YA SA MAGANAR TA SHAFE MU A JIBIYA?

Mu nan bakin iyaka labari ba ya neman takardar izini. Gizon da ake ba yara labarinsa a Magama shi ne dai na Ɗan Isa da Maraɗi, tunda asali ɗaya ne, Katsinawa ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, amma fina-finai ba su fasa tsallakawa a cikin memori ba. Haka da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, shagon masu turi ne ya zama intanet ɗinmu.

To a nan matsalar take. Memori ɗaya ake cikawa, waya ɗaya ce a gida, daga uba har autan gida kowa ita yake kallo. Mai turi kuwa ba ya tambayar shekarun mai kallo.

NA YARA

Tushen dai tatsuniya ce: Gizo da matarsa Ƙoƙi, Dodo, kura mai kwaɗayi, da yarinyar da kishiyar uwa ta aika inda ba a dawowa. Mai son ya same su a rubuce ya nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko Taskar Tatsuniyoyi na Bukar Usman.

Daga nan sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi 3 da aka fara bugawa a 1937. Aku ne yake riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya. Imam ya ɗebo wasu labaran daga Larabawa da Turawa da Indiya, ya sa musu riga da hula har ba ka cewa baƙi ne. Yaro ɗan firamare zai iya jin daɗinsa, musamman in babba ne yake karanta masa.

NA MATASA

A nan jiharmu tana da abin alfahari. A gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Imam yana malamin Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga a 1934. Alhaji Imam ne ya bazama duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta shirya wa juna tsiya shi da Malam Zurƙe. A gasar dai yayansa Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, ya kawo Ganɗoki, jarumin da ya yaƙi Turawa sannan ya zarce ƙasar aljanu.

Sai Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, 1951, yaron da ya tashi ba ya iya tafiya, daga baya ya zama gagara-badau. Asalin labarin na Rasha ne. Akwai kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, inda wani baƙon halitta ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya.

A fina-finan waje, Merlin na BBC, zango 5 daga 2008 zuwa 2012, ya dace da matasa. Harry Potter kuwa a lura, littafi 7 ne da fim 8, kuma labarin yana girma tare da jarumin. Na farko-farko yaro zai iya kallo, na ƙarshe akwai mutuwa da duhu sosai.

NA MANYA

Littattafan yaƙi na kasuwar Kano, irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini, suna da daɗi ba kaɗan ba, sadaukai da matsafa da aljanu, amma akwai sare-sare da jini. Dare Dubu da Ɗaya ma, duk da sunan da ya yi, akwai wuraren da ba na yara ba ne ko kusa. Baahubali, kashi 2 da suka fito a 2015 da 2017, fassarar Hausa ta sa ya shiga kowane gida, amma akwai fille kai a ciki. Game of Thrones kuwa ban ba kowa shawarar ya bar shi a wayar da yaro yake taɓawa ba, akwai tsiraici da kisa na fitar hankali.

Daga tsallaken iyaka akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa sojan Faransa a 1899. Ita tarihi ce, amma baki ya haɗa labarinta da tsafi da ɓacewa. Abdullahi Mamani ya rubuta littafinta da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finan Wagadugu a 1987. Mai jin Turanci ya nemi The Shadow Speaker na Nnedi Okorafor, wanda aka gina a Nijar ta shekarar 2070.

INA KANNYWOOD?

An taɓa gwadawa. Kamfanin Sarauniya na Kano ya yi Daskin da Riɗi daga tatsuniya a ƙarshen shekarun 1990, gidan talabijin na NTA Kaduna ma ya taɓa mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, da marigayi Ƙasimu Yero a ciki. Daga baya soyayya da rawa suka cinye kasuwa. Uzurin da ake bayarwa shi ne tsadar siddabarun kwamfuta. Ni dai a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Ruwan Bagaja wayo da barkwanci ne suka riƙe shi, ba walƙiya daga tafin hannu ba. Ga 'yan kallo kuma a shirye a ƙasa biyu, balle yanzu da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025.

MAGANAR SIHIRI DA AƘIDA

Wasu iyaye suna hana irin waɗannan labarai gaba ɗaya don tsoron shirka, kuma damuwarsu abin a saurara ce. Sai dai kakanninmu sun riga sun yi maganin abin. Mai tatsuniya in za ta rufe sai ta ambaci ƙarya ta jingina wa Gizo, yaro ya kwanta ya san ƙirƙira ce. Abin dubawa shi ne inda labarin ya dosa: boka ne ya ci riba a ƙarshe, ko mai gaskiya da haƙuri?

KAFIN KA MIƘA WA YARO WAYA

Ka kalli fitowar farko da kanka, ka kuma leƙa tsakiya, don wasu fina-finan da sanyi suke farawa. Ka faɗa wa mai turi shekarun wanda zai kalla. In da hali a ware wa yara nasu memorin. Bayan kallo ka tambayi yaro me ya gani, wa ya burge shi, don me.

Yaranmu da yawa sun ji ƙarar bindiga da kunnensu, wasu sun baro ƙauyukansu da dare. Irin wannan yaro bai buƙaci ƙarin jini a fuskar waya ba. Labarin da zai amfane shi shi ne wanda ƙaramin yaro ya fuskanci Dodo kuma ya dawo gida lafiya.

Wanda ya san wani littafi ko fim da ban ambata ba, musamman 'yan'uwa na Maraɗi da Tasawa, a sanar da mu a ƙara. Allah Ya zaunar da iyakarmu lafiya.